Ɗaura kekuna a bayan tirelar kwana: bamba za ta ɗauka?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu jan tirelar kwana ce, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota zuwa sansanin hutu a nan Amurka, da kuma masu aikin ƙarfe na wannan zaure. Tirelar aksil biyu gare ta. Nauyinta da kaya a ciki kilo 2,300, abin da hancinta, wato ƙarfen gaba da ake maƙalawa a mota, ke dannawa a kan ƙwallon ja na bayan mota kuma kilo 250. Daga ƙwallo zuwa tsakiyar tayoyi mita 4.6 ne, daga tsakiyar tayoyi zuwa bamba mita 2.3. Safayar taya tana kan bamba. Kekuna huɗu ne, biyu na manya kilo 14 kowanne, biyu na yara kilo 11 kowanne. Ana sayar da wani ƙarfe mai bakin inci 2 da ake ɗaurewa a jikin bamba da bol huɗu, sai a zura maɗaukin keke a ciki. Wannan ya wadatar, ko sai an yi wani aikin?

Sani Mai Walda: Wa'alaikumussalam Baban Ummi. Kada ka ɗora kekuna huɗu a kan bambar da tirela ta zo da ita daga kamfani. Ido yana ganinta ƙatuwa, inci 4 ta kowane ɓangare, amma faif ne mai rami, kuma a yawancin ƙananan tireloli kaurin ƙarfen bai cika wuce milimita 2 ba. An yi ta ne don a riƙa cusa tiyon zubar da ruwan bayi a cikinta. Tiyon nan kuwa da danshinsa ake mayar da shi, don haka tsatsa daga ciki take cin ƙarfen alhali fenti na waje yana nan lafiya lau. Cire murfin robar da ke gefe, ka haska tocila ciki, za ka ga ɓawon tsatsa a kwance a ƙasan faif ɗin.

Sannan ka leƙa inda aka haɗa ta da shasi. Walda ce gajera a wuri biyu kawai. Kuma ba waldar ce ke fara ɓallewa ba. Siririn ƙarfen da ke gefenta ne ke tsagewa, tsagar ta riƙa tafiya kaɗan kaɗan har bambar ta juya ta kalli ƙasa.

Garba Direba: Abin da Malam Sani ya faɗa haka yake. Ƙari a kai, wanda ke tuƙi ba ya ganin abin da ke faruwa a can baya. Tirelar ta tare madubin tsakiya, na gefe kuma ba sa nuna bayanta. In bamba ta saki, kekunan za su yi ta jan ƙasa ko su zube a gaban motar da ke biye, direba bai sani ba sai an yi masa hon.

Baban Ummi: Amma Malam Sani, duka kayan da maɗaukin bai wuce kilo 75 ba. Mutum mai kilo 90 yana tsayawa a kan bambar nan ba ta ko motsa.

Injiniya Lawal: Ranka ya daɗe, mutumin da ya tsaya a kai nauyinsa yana sauka ne kai tsaye a saman faif ɗin, kuma a tsaye tirelar take. Kekuna kuwa a waje suke rataye. In maɗauki mai ɗaukar huɗu ne, tsakiyar nauyin zai kai kusan santimita 60 a bayan bamba. Kilo 75 sau mita 0.6 ya ba da 45, wato wajen Nm 440 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa). Notin tayar mota ana ɗaure shi ne a tsakanin Nm 120 zuwa 140. Ke nan tun kafin a tayar da mota, ana murɗa bambar da ƙarfin da ya ninka na ɗaure notin taya fiye da sau uku.

Sai kuma a hau hanya. Yawancin tirelolin nan sifirin kawai gare su, ba su da shokozoba, kuma bamba tana can nesa da tayoyi. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar ƙarshe ta doguwar bas ya san yadda ake cilla mutum sama idan an faɗa rami, alhali na tsakiya ko a jikinsu. A wurin nan kekunan suke zaune. In za a yi lissafin ƙira, gara a ninka nauyin sau uku a ƙalla, sai 440 ɗin nan ya koma sama da 1,300. Kuma ba bugu ɗaya ke karya ƙarfe ba. Lanƙwasa ce sama da ƙasa, sau dubbai a tafiyar yini guda, har ƙarfen ya gaji ya tsage. Shi ya sa za a yi tafiya biyar lafiya, ta shida a yi asara, a ce ai ba a taka wani rami ba.

Abu Khalil: Akwai ƙarafan tallafi da ake sayarwa, ana ɗaure su da bol daga shasi zuwa bamba ta kowane gefe, su rungume ta. Masu su suna rubuta nauyi mai yawa a jikin kwali. Ba sai an kira mai walda ba, sifana da injin huda sun isa. Ina ganin wannan ya warware matsalar.

Sani Mai Walda: Ya warware rabinta, ɗan'uwa. Ƙarafan suna hana bamba rabuwa da shasi, wannan gaskiya ne. Amma tsakanin ƙafafun shasi biyu akwai tazarar da ta fi mita ɗaya da rabi, maɗaukin kuma a tsakiya yake. Faif ɗin da ke tsakanin nan yana nan da sirantarsa da tsatsarsa. Bol ɗin da suka matse shi suna lotsa bangonsa, da ya lotsa sai su saki, da sun saki sai maɗauki ya sami wurin rawa. Ga keke ɗaya ko biyu marasa nauyi a kan sabuwar bamba, zan iya yin shiru. Ga huɗu, a'a.

Aikin da ya dace shi ne a bar bamba da tiyonta, a yi wa maɗauki nasa gindin a jikin shasi. A sami faif mai kusurwa huɗu, inci 2.5, kaurin milimita 6, a gicciya shi daga ƙafar shasi ta dama zuwa ta hagu. Kowane gefe a sa farantin ƙarfe mai kaurin milimita 6 zuwa 8, dogo, wanda zai bi jikin shasi ya shiga ciki santimita 40 ko 50, don kada duk wahalar ta taru a bakin ƙarshe inda ƙarfen ya fi rauni. Risibar, wato bututun da maɗauki ke shiga, ta inci 2 za a sa, ba ta inci ɗaya da kwata ba. A riƙe ta a wuri biyu, gaba da baya, ko dai da faif na biyu ko da ƙarafan kusurwa, domin in a wuri ɗaya aka like ta, murɗawar da Injiniya ya lissafa za ta dawo kan walda guda.

Shasin yawancin tirelolin nan yana da tsayayyen bango a tsakiya da leɓe sama da ƙasa. A bangon ake huda ko walda. Kada a huda leɓe, kada a ja walda ta gicciye shi, don leɓen ne ke riƙe shasi daga lanƙwasa. In bol za a sa, na rabin inci mai lambar ƙarfi 8, huɗu a kowane gefe, da washa mai kauri ta baya da noti mai kulle kansa. Kafin a kunna injin walda a cire kan batir, a rufe tukunyar gas, a buɗe rufin robar da ke ƙarƙashi a janye wayoyi da tiyon gas, a kuma kare tankunan ruwa daga tartsatsi, don na roba ne.

Maman Hanif: Kafin a kai ga walda, Baban Ummi ka buɗe littafin tirelar tukuna. Wasu kamfanoni suna rubuta iyakar abin da bamba za ta ɗauka, wasu suna cewa ban da safaya kada a ɗora komai. Kuma in garantin shasi bai ƙare ba, walda ko huda na iya soke shi. A tura wa kamfanin lambar tirelar a tambaye su a rubuce.

Injiniya Lawal: Aikin da Malam Sani ya zayyana mai kyau ne, ba ni da ja a kansa. Sai dai ina so a raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Ƙarfin abin da ke riƙe kekuna daban, daidaiton tirela a kan hanya daban. Walda tana gyara na farko, amma na biyun ƙara ɓata shi take yi, domin ƙarfen da aka ƙara shi ma nauyi ne a wutsiya.

Tirela tana zaune ne a kan tayoyinta, duk abin da aka ɗora a bayan tayoyi yana ɗaga hanci. Lissafin ba wuya: nauyin kaya, sau nisansa daga tsakiyar tayoyi, a raba da nisan ƙwallo daga tsakiyar tayoyi. Kilo 75 yana mita 2.9 a baya, wato 2.3 da 0.6. To 75 sau 2.9 a raba da 4.6, kilo 47 ke nan ya tashi daga hanci. Ƙarfen Malam Sani a ce kilo 20 ne a mita 2.2, ya ƙara ɗauke kusan 10. Hancin da yake 250 ya koma 193, tirelar kuma ta koma 2,395. Kashi 8 cikin ɗari ke nan. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce hanci ya ɗauki kashi 10 zuwa 15 na nauyin tirela. Da ma a kusan kashi 11 kake, ba ka da rarar da za ka bayar.

A lura kuma, kilo 57 ɗin da ya bar hanci ba ɓacewa ya yi ba, kan aksil ya koma. An ɗora kilo 95, amma tayoyin tirela sun karɓi 152. A duba farantin da ke gefen hagu na gaba, inda aka rubuta iyakar nauyin aksil da na tirelar gaba ɗaya, a ga ko akwai wurin wannan.

Garba Direba: Kashi 8 a doguwar tirela, wannan shi ne kaɗa wutsiya. A gudun cikin gari ba za ka ji komai ba, sai ka ɗauka lafiya. Sai an hau babbar hanya, ana gangara, babbar mota ta wuce ta buga iska, sannan tirela ta fara lilo dama da hagu, kowane zuwa ya fi na baya. In hakan ta faru, a ɗaga ƙafa daga totur, a riƙe sitiyari a miƙe, a matsa maɓallin hannu na birkin tirela don ta ja kanta baya ta miƙe. Kada a danne birkin mota da ƙarfi, kada a ce za a bi ta da sitiyari, kuma maganar a ƙara wuta don ta daidaita ba gaskiya ba ce.

Abu Khalil: To ai sai a kai wasu kaya gaba su rama. A cika ma'ajiyar gaba, ko a zuba ruwa a tanki in yana gaban tayoyi. Sikeli zai dawo 250.

Injiniya Lawal: Sikeli zai dawo, amma tirelar ba ta koma yadda take ba. Abin da ke sa lilo ya yi wuyar tsayawa yana ƙaruwa ne da nisan kaya sau kansa. Kilo 75 a mita 1 daga tayoyi ya ba da 75. Shi ɗin dai a mita 2.9 ya ba da 631, fiye da ninki takwas. In ka sa nauyi a can ƙarshen baya, ka rama da wani a can ƙarshen gaba, ka sami abu mai nauyi a bakuna biyu, wanda in ya fara juyawa ba ya son tsayawa. Ramawa ta fi rashinta, amma magani na gaskiya shi ne rage abin da ke wutsiya.

Maganar ruwa kuma a yi hattara da ita. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwan da ka tafi da shi a tankin sha, a dawowa ya koma tankunan ruwan wanka da na bayi, waɗanda a tireloli da yawa suna bayan tayoyi. Ka fita da hanci mai nauyi, ka dawo da mara nauyi, kekuna kuma suna nan a inda suke. Lissafi da yanayin dawowa ake yinsa.

Ɗan Damagaram: Sannunku da muhawara. A nan Faransa da sauran ƙasashen Turai, da yawa a gaba ake ɗora su, a kan ƙarafan hanci, saman akwatin gas. Fiamma da Thule duk suna yin maɗaukai na wannan wuri. Wurin yana tsakanin tayoyin mota da na tirela, girgizarsa kaɗan ce, kuma direba yana hango kekunan ta madubi. Matsalarmu a nan akasin taku ce: motoci da yawa iyakar abin da ƙwallonsu ke ɗauka kilo 75 zuwa 100 ne, kekuna biyu kawai sai su cinye rarar. Tirelolinmu an ƙera su da tayoyi kusa da tsakiya, hanci yana ɗaukar wajen kashi 5 zuwa 7, gudun da aka yarda kuma a ƙasashe da yawa kaɗan ne. A Jamus kilomita 80 ne a awa, sai wanda ya sami izini na musamman zai yi 100. Don haka kada wani ya ɗauki kashi 7 namu ya ce kashi 8 na Baban Ummi ya isa, ƙirar ba ɗaya ba ce.

Maman Hanif: A nan ma akwai irinsa. Lippert suna da wanda ake kira Jack-It, yana zama a gindin jak ɗin hanci, yana ɗaukar kekuna biyu. Abin dubawa kafin a saya: a karya kwana sosai a fili, wani ya tsaya yana kallo ana ja da baya a hankali, a ga ko tayar keke za ta taɓa bayan mota. A ga ko ƙofar but za ta buɗe, ko ana iya ciro tukunyar gas da murɗa jak ba tare da sauke kekuna ba. Ɗaga keke zuwa tsayin ƙirji ma aiki ne ga wanda ba shi da tsawo.

Injiniya Lawal: Bari in sa wa wannan lamba. Kekunan manya biyu da maɗauki, a ce kilo 40, a mita 3.9 gaban tayoyi. Hanci ya ƙaru da 34, ya zama 284 cikin 2,340, kashi 12. Tirelar ta fi zama daram fiye da yadda take yanzu. Sai dai kilo 34 ɗin a kan mota ya sauka. A duba takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba mai nuna iyakar kaya da fasinja, a cire nauyin mutanen gida, da kayan but, da nauyin hanci, da na ƙarfen ja kansa. In babu saura, gaban ma ba mafita ba ce.

In kuwa dole sai baya, ga yadda zai yiwu. Kekuna biyu kacal, kilo 28, da maɗauki mai kilo 18 wanda ya matso kusa, tsakiyar nauyinsa santimita 40 daga bamba. Da ƙarfen shasi, hanci zai rasa 37, ya koma 213 cikin 2,366, kashi 9. Bai isa ba. Sai a cire safaya daga bamba, a ce kilo 20 ce, a mayar da ita ƙarƙashin hanci, mita 3.5 gaban tayoyi. Cirewar ta dawo da 10, ajiyewar a gaba ta ƙara 15, hanci ya kai kusan 239. Kashi 10 ke nan da ɗan ɗoriya, a bakin iyaka.

Baban Ummi: Allah ya saka da alheri Injiniya. Ta yaya zan auna hancin a gida bayan an ɗora kaya? Sikelin ɗaki ba ya kai 250.

Garba Direba: Da katako mai ƙwari da bulo. A sa wa tayoyin tirela waigi gaba da baya a wuri mai daidai. A ajiye bulo a gefe ɗaya, sikeli a ɗaya gefen, tazarar ƙafa 3 a tsakaninsu, a ɗora guntun faif a kan kowanne, a shimfiɗa katakon a kai. Hancin tirela ya sauka a ƙafa 1 daga bulo, ƙafa 2 daga sikeli. Abin da sikeli ya nuna a ninka sau 3: in ya nuna 83, hanci yana wajen 250. Sharaɗi biyu: a tokare daidai ƙarƙashin inda ƙwallo ke shiga, kuma hancin ya kasance a tsayin da yake idan yana kan mota, domin a tirela mai aksil biyu ɗaga shi ko sauke shi kaɗan yana canja lambar. Wanda ya fi inganci shi ne sikelin CAT da ke tashoshin manyan motoci. A auna mota da tirela a haɗe, an sassauta sandunan raba nauyi, wato ƙarafan da ke rarraba nauyin hanci a kan tayoyin mota da na tirela, sannan a cire tirela a auna mota ita kaɗai. Bambancin abin da tayoyin mota suka nuna shi ne nauyin hanci.

Mai Gyaran Keke: An yi maganar tirela, ba a yi ta maɗaukin da kekunan ba. Ba kowane maɗauki da ke shiga bakin inci 2 ne aka yarda a sa a bayan tirela ba. Kamfanoni da yawa sun rubuta ƙarara a takardarsu cewa na bayan mota ne kawai, in an sa a tirela babu garanti. Waɗanda aka ƙera don wannan aikin suna faɗa, irin wasu na Swagman da Yakima LongHaul. A karanta da kyau, don wani an yarda da shi a bayan motar kwana mai injinta amma ban da tirelar da ake ja, wani kuma iyakar nauyinsa tana raguwa idan a tirela ne. Inda maɗaukai ke karyewa shi ne gaɓar da ake karkatar da su ko naɗe su, don haka mai ƙarancin gaɓoɓi ya fi. Kada kuma a sa ƙarfen ƙarin tsawo don a kauce wa safaya, masu yin sa da yawa suna cewa yana rage abin da risiba ke ɗauka da rabi.

Maɗaukin da taya ke zama a kan tire, wato siririn farantin ƙarfe, ya fi wanda ake rataye keke ta firam, domin rataye suna lilo suna gugar juna har fenti ya tafi, wani lokaci tiyon birki ko sifoki su tafi tare da shi. Fin ɗin da ke riƙe maɗauki a risiba ta inci 2 shi ne mai kaurin 5/8 na inci, kuma shi kaɗai ba ya hana rawa. A sa maƙalar da ke matse wuyan maɗauki da bakin risiba. Wasan milimita 2 a wuya yana zama santimita da yawa a keken ƙarshe, kuma kowane bugu guduma ce a kan walda.

Wajen lodi, mafi nauyi shi ne kusa da bango, mafi sauƙi a waje. A juya su, kan wannan a dama, na wancan a hagu, a sauke sirdin da ke karo da kan maƙwabcinsa. Tsakanin kan keke na ciki da bangon tirela a bar aƙalla faɗin tafin hannu biyu, don maɗauki yana lanƙwasawa a kan hanya, hannun birki kuma yana iya huda bango ko ya fasa gilashin taga. In wuri ya ƙure, a sassauta bol ɗin wuya a juya kan ya bi tsawon keke, a cire fedar ciki da sifana mai lamba 15. A tuna fedar hagu zarenta a juye yake, ta hannun dama ake kwance ta. Kowace taya a ɗaure ta da tire, ta gaba kuma a haɗa ta da firam don kada ta riƙa juyawa. Firam ɗin kabon ba a matse shi da maƙala, ta taya ake riƙe shi. Igiyar roba mai ƙugiya ba abin dogaro ba ce, bel mai maƙulli ake so, a kuma naɗe wutsiyarsa kada ta riƙa dukan fenti.

Abu Khalil: Kekunan lantarki fa? Su ne yanzu suka cika sansanoni.

Mai Gyaran Keke: Kowanne yana kai kilo 22 zuwa 30, biyu kawai sun kai nauyin huɗun Baban Ummi. A duba iyakar kowane tire daban, ba jimillar maɗauki kaɗai ba. A cire batir a sa shi cikin mota inda rana ba ta dukansa, wannan ya rage kilo 3 ko 4 a kowanne, a rufe bakin wayoyin don ruwa da ƙura. Ra'ayina shi ne irin waɗannan wurinsu bayan a-kori-kura ne ko cikin tirela a saman tayoyi, ba wutsiya ba.

Maman Hanif: Wasu abubuwan da ake mantawa sai an gama ɗaurewa. A koma baya taku goma a duba: fitilun birki, sigina da lamba duk suna fitowa? In kekuna sun tare su, sai an ƙara allon fitila a jikin maɗauki an mayar da lamba kansa. Tamfol ɗin rufe kekuna yana tare fitilu gaba ɗaya, yana kuma kama iska yana jijjiga maɗauki. A jihohi da yawa na Amurka, kayan da ya zarce bayan abin hawa da ƙafa 4 sai an sa masa jan ƙyalle, maɗaukin huɗu kuma yana kusantar haka. Mafi muhimmanci a wurina, a wasu tireloli tagar gudun gobara a bangon baya take, kusa da gadon yara. In haka ne, da an isa sansani a sauke kekunan kafin a kwanta.

Ɗan Damagaram: Masu zuwa Italiya da Sifaniya kuma su tanadi allon nan mai ratsin ja da fari, santimita 50 ta kowane gefe, don ana neman sa a kan kayan da ya zarce baya.

Garba Direba: Tuƙin ma yana canjawa. Ƙarin mita ɗaya a wutsiya yana nufin idan ka karya kwana hagu, bayan yana sharar dama fiye da da, a gidan mai sai a kula da famfo da ginshiƙi. Wurin shiga mai gangara kuma maɗauki ne zai fara gugar ƙasa, don haka wanda wuyansa ya ɗaga sama ya fi, kuma a shiga a karkace. Kyamarar baya mara waya tana da amfani ƙwarai a nan, a saita ta yadda za ta riƙa nuna kekunan. A tsaya bayan kilomita 20 na farko a sake matse komai, daga nan duk tsayawar shan mai a kama keken waje a girgiza shi da ƙarfi. In tirelar ce ta motsa tare da shi, lafiya. In shi kaɗai ya motsa, akwai abin da ya saki.

Sani Mai Walda: A ja layin fenti fari daga kan kowane noti zuwa jikin ƙarfe, da ya juya ido zai gani. A gefen walda kuma a riƙa neman siririn layi mai jan tsatsa ko fenti da ya tashi, wannan tsaga ce ta fara. Wayar tsaro ta ƙarfe a zura ta cikin firam ɗin kekunan duka a kai ta jikin shasi. In a maɗauki ko bamba aka ɗaure ta, tare za su tafi. Tsanin baya ma kada a yi tunaninsa, alminiyom ne da aka kafa da sukurori a bango, girgiza tana buɗe ramukan sukurorin ruwan sama ya shiga katakon ciki.

Baban Ummi: Na fahimta. Abin da zan yi ke nan: na manya biyu a hanci, in ƙofar but ta buɗe kuma takardar ƙofar direba ta ba da wuri. Na yara biyu a cikin tirela. Malam, yaya ake ɗaure su a ciki kada su fasa kabad?

Mai Gyaran Keke: A cire tayar gaba, a sami katako mai tsawon faɗin hanyar tsakiya, a kafa masa maƙala biyu masu riƙe cokalin keke, wato ƙarfen da tayar gaba ke shiga, ɗaya ta kalli gaba ɗaya baya. A sa shimfiɗar roba a ƙarƙashi, a ajiye katakon daidai saman tayoyin tirela, ya tokari ƙasan kujera ta kowane gefe da tsumma a tsakani. Bel ɗaya daga sirdi zuwa ƙafar tebur ko wani abu da ke kafe a daɓe, ba hannun kabad ba. In birkin faifai ne mai amfani da mai, a cusa ɗan kwali tsakanin takalman birki bayan an cire taya, domin in yaro ya matsa hannun birki za su haɗe, tayar ta ƙi komawa. In tirelar tana da ɗakin da ke zamewa waje, a auna wurin yana a rufe, don a nan hanyar ta fi ƙunci.